Takardar da Ta Raba Jirgi da Inji

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a tungarmu ta masunta, wai ni da Baffanku Garba mun rabu a kan takarda. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma rabin zance aka ba ku, kuma rabin zance ya fi ƙarya ɓarna. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in shimfiɗa muku shi da hannuna tun kafin wani ya shimfiɗa muku nasa bayan an kai ni makwanci. Wanda ya karanta ya ga laifina, ya gani. Ban zauna rubutun nan don a wanke ni ba.

Jirgin da kuka sani a ƙarƙashin ɗorawa, wanda kaji suke kwana a ciki yanzu, na kakanku ne. Da ya rasu ya bar mana shi mu biyu, ni da Yaya Garba, muka haɗa ƙarfi muka sa masa inji. Duk ranar kasuwar Yelwa mukan kwashi mutanen tungarmu da na tungayen da ke gaɓar Ngaski mu haura da su, mu dawo da su kafin iskar la'asar ta taso. Yaya ne a baya riƙe da inji, don shi ya san ruwa, ya san inda kowane kututture yake kwance tun daga itatuwan da ruwan dam ya cinye. Ni kuwa ina gaba, nawa shi ne kaya da fasinja da saƙon mata. Matan da ba su fita kasuwa ni suke aika, kuma kun san saƙon mata ba ya ƙarewa: wannan gishiri, waccan manja, wata zare da allura, wata a kai mata kan keken ɗinki gyara. Da farko da ka nake riƙewa, ina taƙama da kaina, har ranar da na kawo wa amarya garin tuwo na kai wa mai jego turare. Tun daga nan na koma ga ɗan ajamin da na samu a makarantar allo, na fara rubutawa a bayan takardar siminti.

Ba rana ɗaya na iya ba. Akwai wata tsohuwa a tunga, Gwaggo Kande, wadda bakinta ya fi reza, ta aike ni kanwa da alif na tace ruwa. Don gajarta wa kaina wahala sai na rubuta kanwa, na ja sanda ɗaya a gabanta, wato harafin alif. Da na isa kasuwa na duba, sai na karanta kanwa ɗaya, don alif da lambar ɗaya kamanninsu guda a rubutunmu. Na kawo mata kanwa na miƙa ina jiran godiya.

"Umaru, ina alif ɗina?"

"Gwaggo, ba ki ce alif ba."

Ta karɓi takardar, ita da ba ta taɓa zama gaban allo ba, ta ɗora yatsa a kan sandar. "To wanga tsayayye mi ne ne? Kai da karatu, ni da gani."

Wata guda mata suna yi mini dariya a bakin ruwa. Amma dariyar ta gyara ni. Na koyi in rubuta kowane abu da cikakken sunansa, da sunan mai shi a gefe. Na koyi in jera saƙon yadda kasuwa take a jere, in fara da can ƙurya wajen masu zare da magani, in gangaro ta masu manja da daddawa, in ƙare da buhuna masu nauyi kusa da ruwa, don kada in taka wuri sau biyu. In na saya in ja layi ɗaya, in ya shiga jirgi in ja na biyu, in mun iso tunga in tsaya in kira mai kaya ta amsa ta karɓa. Takardar kuwa a cikin leda take, a ƙarƙashin hulata. Shekaru ina haka, ko ashana ba ta ɓace a hannuna ba, har mutanen wasu tungaye suna aiko mini da nasu. Ina faɗa muku wannan ne don ku san irin girman kan da nake ɗauke da shi ranar da abin ya faru.

Farkon damina ne. Mun makara a Yelwa, jirgi ya cika fiye da yadda ya kamata, kuma duk mun gani, babu wanda ya ce uffan. Muna kusa da gida iska ta taso, ta ture mu daga hanya, ƙasan jirgi ya hau kututture ya karkace, ruwa ya shigo. Allah ya taimake mu wurin kusa da gaɓa ne, ta gefe ɗaya ruwan iya ƙirji, masunta kuma suka taho da ƙananan jiragensu. Aka yi ta janye mutane, mata na salati, yara na kuka. Da aka taru a kan yashi, Yaya ya ɗaga murya.

"Kowa ya fito?"

Kowa ya waiga ya ga nasa, aka amsa masa baki ɗaya cewa kowa ya fito. Muka yi hamdala. Ni kuwa da na taɓa hula na ji takardata a bushe, sai na zaro ta na shiga aikin da na iya. Ina karantawa ina nutso, ina fitowa ina jan layi. Galan na manja, ga shi. Tukwanen wance, ga su. Kan keken ɗinki ya faɗa ta gefe mai zurfi, sau huɗu ina nutsewa kafin in kamo shi. Kafin magariba na haɗa komai, ban da gishiri da sukari da suka narke. Akwai ƙwarya uku da aka tsamo suna yawo a kan ruwa, da faifayensu, aka ajiye a gindin ɗorawa. Na dube su, na dubi takardata, ba su ciki, sai na wuce. Na shiga gida ana yi mini sannu da ƙoƙari, na ci tuwo na ƙoshi.

Kwana biyu bayan haka wani Bafulatani ya iso tunga da sandarsa a kafaɗa, dattijo siriri, ƙafafunsa duk laka. Rugarsu tana can bayan fadama. Ya yi sallama, ya gaishe mu a natse, ya ce mai ɗakinsa ta tafi Yelwa da nono ranar kasuwa ba ta dawo ba, an ce masa an ga ta nufi jiragen gaɓar nan. Yaya ya ce ba mu ɗauko ta ba. Ni ma na buɗe baki zan ce haka, sai na ga idon mutumin ya tsaya a gindin ɗorawa. Ya taka a hankali, ya durƙusa, ya ɗauki ƙwarya ɗaya ya juya ta, ya shafa wani ɗinki da aka yi mata a baki. A nan ne ta dawo mini: mace mai baƙin zane, ta iso a guje muna ture jirgi, ni da hannuna na karɓi ƙoran na miƙa mata hannu ta hau, ta zauna a bayan buhuna inda ba mai ganinta. Ba 'yar tungarmu ba ce, ba ta da kowa a jirgin, don haka da kowa ya waiga neman nasa, babu wanda ya waiga nemanta.

Washegari muka same ta. Zanenta ne ya sarƙe a saiwar kututturen, ta gefe mai zurfi, bai fi gaba biyu ba daga inda na yi ta nutso ina neman kan keke. Ban sani ba ko da mun neme ta a lokacin da za mu same ta da rai. Malamin tunga ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda, ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Amma ƙaddara ba ita ta hana ni tambayar mai ƙwarya ba. Na san yawan sabulun da ke cikin jirgin nan, ban san yawan mutanen da ke ciki ba, kuma wannan kunyar har yau tana tashe ni daga barci. Bayan an rufe ta na tambayi mijin sunanta. Ya sunkuyar da kai, kun san su da kunya, ba zai kama sunan matarsa ba ko a bakin kabari. Na ce zan tambayi matan rugar daga baya. Kafin in je sun tashi sun bi shanu, har yau ban san sunanta ba.

Da aka gyara jirgi, na sayi littafin 'yan makaranta. Ranar da za mu koma aiki na tsaya a bakin ruwa na ce duk wanda zai hau sai na rubuta shi, in mun sauka kuma sai na bi takarda na tabbatar kowa ya taka ƙasa. Na zaci za a sa mini albarka. Ashe kaina na jawo wa magana. Wani dattijo ya ja baya ya ce shi ba akuya ba ne da za a ƙirga shi, kuma tun kakanni ba a ƙirga mutum a kan ruwa, in ka ƙirga ruwa zai rage maka ɗaya. Wasu suka ce takardar haraji ce. Wasu suka ce, a wannan zamani da ake satar mutane, wa ya san hannun da sunayen za su faɗa, a san wanda ya sayar da shanu da wanda ya dawo da kaya. Wannan ta ƙarshe ta yi mini ciwo ƙwarai, don da ni suka girma. Mata kuwa nasu daban ne: ka tambayi mace sunan yaron da ke hannunta, in ɗan fari ne ta rufe baki da gyale ta kau da kai, ka tambaye ta matar wa ce, ta yi dariya ta ce kai ma ka sani. Ranar mun tashi da rabin jirgi, sauran sun hau na wasu.

Sai da muka dawo, muna wanke jirgi, Yaya ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Umaru, abin da ya wuce ya wuce. Ka aje littafin nan."

"Ba zan aje ba, Yaya."

"Rubutunka na cin lokaci. Kana tsaye kana alif da ba, iska na tasowa. Wanda kake son tsarewa shi za ka kashe."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ban ƙi ta ba. Na ce to zan riƙa rubuta mutum tun da safe yana hawa, a Yelwa kuma in gama saƙo da wuri in zauna a bakin jirgi tun azahar, duk wanda ya dawo in ja masa layi. Daga baya na gane abin da ke cinsa ba lokaci ba ne. Muddin ba a rubuta ba, jirgi ba ya cika, kullum akwai wurin mutum ɗaya. In an rubuta kuwa, ido zai ga inda shafi ya ƙare, kuma babu mai iya cewa bai sani ba. Ku kuma kada ku ɗauka mugunta ce. Yaya yana da baki goma sha da yake ciyarwa, kuma shi ma matar nan tana zuwar masa, sai dai shi hanyarsa ita ce kada a ambace ta.

Uwarku ce ta buɗe mini hanya, Allah ya jiƙanta. Tana bakin murhun banda tana juya kifi, ina zaune ina ƙorafin mutanen tunga da taurin kansu, sai ta ce in ta yi magana kada in ce mace ta koya mini aiki. Na ce ta faɗa.

"In ka kawo saƙo, ƙirga mu kake yi?"

"A'a, kira nake."

"To mi ya kai ka cewa za ka ƙirga mutane? Ka ce kira za ka yi. Kowa na son a kira shi ya amsa. Kuma wa ya ce dole sai sunan yanka? Ka rubuta abin da aka san mutum da shi. Uwar Ladi, uwar Ladi ce. Ɗan fari ka sa ɗan wance na fari, ba sai ta buɗe baki ba. Baƙo ka sa garinsu da launin rigarsa."

Na ji haushin yadda abin ya yi sauƙi a bakinta. Ba ta gama ba.

"Sa'an nan, malam mai hula, in jirgi ya nutse da kai da hular taka fa? Wa za shi karanta?"

Tun daga ranar na koma rubuta takarda biyu. In za mu tashi daga tunga in bar ɗaya a hannunta, in za mu taso daga Yelwa in bar ɗaya wurin wani mai shayi a bakin ruwa, in mun dawo lafiya a yaga a sa a wuta a gaban kowa, don masu tsoron inda sunansu zai kwana. Lamba kuwa ban sake sa wa kowa ba. Na dai ja layi a ƙasan shafi da jan biro, in suna ya iso layin nan, jirgi ya cika, ko wane ne ya zo sai ya jira wani. Gwaggo Kande ce ta fara ba ni sunanta da bakinta, ta ce in rubuta Kande mai alif, kuma in na kuskura na ja sanda ɗaya ta ce sai ta ci mutuncina. Mata suka yi dariya suka biyo ta. Matan Kambari masu kawo dawa suka biyo, da wata Rifkatu mai sayar da tukwane wadda ta ce ita dama a cocinsu ana kiran suna. Fulani kuwa, da labarin ya kai rugage, ba su sake hawa jirgin kowa ba sai nawa.

Jan layin ne ya raba mu. Bayan kaka, ranar wata kasuwa da albasa ta yi yawa, shafi ya cika, sai ga surukin Yaya da mutum huɗu da buhunansu. Na ce babu wuri. Yaya ya ce su hau. Na ce in sun hau ni zan sauka, kuma zan faɗa wa kowa dalili. A gaban jama'a ƙane ya faɗa wa wansa haka. Na san nauyin abin, kuma da za a mayar da ni ranar da na sassauta murya, amma da ban canza magana ba. Yaya ya kashe inji. Sa'an nan ya ce surukinsa ya nemi wani jirgi. Muka dawo gida. Da yamma ya tara dattawa a ƙofar Inna, kakarku, ya ce a raba mu. Aka yi ta ba da baki ya ƙi. A ƙarshe aka ce jirgi na gado ne, inji na haɗin gwiwa, ɗaya ya ɗauki wannan ɗaya ya ɗauki wancan. Ya zaɓi inji, ya ce zai ɗora a jirgin surukinsa. Da zai tashi ya juyo, a gaban Inna da dattawa.

"Na rantse da Allah, sunana ba zai shiga takardar nan taka ba, ko a raye ko a mace."

Inna ta ja mayafinta ta shige ɗaki.

Shekarar nan mun sha wuya, kuma manyanku za su tuna. Na samu aron wani tsohon ƙaramin inji mai tari kamar tsohon mashayin taba, tafiyar da muke yi kafin hantsi ta koma sai rana ta take. 'Yan kasuwa masu sauri duk suka koma wurin Yaya, ni aka bar ni da tsofaffi da masu ƙwarya da masu tukwane. Bandar uwarku ce ta riƙe gidan, har akwai watan da muka sayar da kifin duka muka ci tuwo da miyar kuka tsura, a gidan masunta. Kai Sani, a shekarar ce aka dawo da kai daga makarantar Wara ka zauna a gida, kuma na san ka daɗe kana riƙe da ni a kan haka. Ba ka yi laifi ba. Na san abin da nake saya da karatunka, kuma na saya ido buɗe. A bakin ruwa samari suna kirana Malam Rajista, in na wuce su ce a gyara layi. Yaya kuwa in mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu. Sau da yawa ina tura jirgi ina jin kamar in jefa littafin a ruwa in huta, sai in tuna yadda dattijon nan ya shafa bakin ƙwarya, in mayar da shi aljihu.

Da bazara ta kama, Inna ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. A gidan Yaya take zaune, ni sai in shiga in gaishe ta lokacin da na san ba ya nan. Wata safiyar kasuwa na gama rubuta fasinjana, na miƙa wa uwarku tata takardar, ina shirin turawa, sai na hango Yaya yana gangarowa da Inna a goye a bayansa. Ciwon ya tashi, dole a kai ta asibiti a Yelwa, jirgin surukinsa kuma ya tafi Wara da kaya tun jiya. Mutane suka matsa, aka shimfiɗa tabarma a tsakiya, ya kwantar da ita, ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa. Bai dube ni ba. Na karɓo takardar daga hannun uwarku, na rubuta Inna a duka biyun. Sa'an nan na tsaya da biro a hannu.

"Tayar da inji," in ji Yaya.

"Saura mutum ɗaya, Yaya."

"Ka ji rantsuwata."

"Na ji. Kai ma ka san tawa maganar. Jirgin nan ba ya tashi da wanda ba ya cikin takarda."

Ina jin numfashin Inna yana fita da ƙyar. Uwarku ta kama gefen rigata ta ja, Gwaggo Kande ta ce, "Umaru, ka ji tsoron Allah, uwarka ce kwance." Na sani. Na kuma san in na tashi yau da mutum ɗaya a wajen takarda don shi ɗan'uwana ne, gobe na surukin wani ne, jibi na baƙuwar da ba ta da kowa, kuma duk wuyar da na sa ku ta tashi a banza. In kuma na rubuta shi da ƙarfi, na karya masa rantsuwa a gaban mutane, zai iya ɗaukar Inna ya sauka, don na san halinsa, halina ne. Hannuna ɗaya yana kan igiyar inji, ɗaya yana riƙe da biro. Kun sha tambayata a zuci, na sani, ko da zan bar mahaifiyata a kwance a kan wannan. Wallahi ban sani ba. Na daɗe ina neman amsar a raina ban samu ba, kuma ba zan ƙirƙiro muku wadda za ta yi daɗin ji ba.

Inna ce ta buɗe ido. Ku da kuka san ta kun san Yaya ne ɗanta na fari, kuma tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Wancan take cewa, ko babban gida, ko ta yi shiru ta nuna da haɓa. Ko wani yaro mai sunansa ba ta kira sai da laƙabi. Ta ɗaga yatsa ta yafito ni, na durƙusa.

"Shi ya rantse," ta ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ni ban rantse ba. Kuma tun bai san sunan ba nawa ne." Ta ja numfashi. "Rubuta. Garba."

Wata mata a bayana ta yi salati a hankali. Yaya ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa nata, kafaɗunsa suna rawa, mutum mai furfura. Na rubuta a duka biyun. Na miƙa wa uwarku tata, na ja igiya, tsohon injin nan da kullum sai an yi masa magiya ya kama a ja na farko.

Da muka isa Yelwa, jirgi bai gama tsayawa ba Yaya ya goya ta ya taka ruwa ya nufi tudu. Na buɗe littafi na fara da su, don kada in tsayar da su. Na kira Inna, ta ɗaga hannu daga bayansa. Na dubi suna na biyu. Ni ma a rayuwata ban taɓa kiransa da shi ba, Yaya nake cewa tun ina koyon magana. Amma abin da ke rubuce shi ake kira.

"Garba."

Ya riga ya ba ni baya, ya yi nisan taku goma. Ya tsaya. Bai juyo ba.

"Na'am," ya ce, ya ci gaba da tafiya.

Inna ta yi kwana tara a asibiti ta dawo, ta ƙara shekara biyu tare da mu, ba ta kuma sake kama sunan ba. Injin bai dawo ba, ba mu sake haɗa jirgi ba, kuma Yaya bai taɓa riƙe littafi a nasa ba har ya bar aiki. Kada wani ya ce muku ya zo ya ba ni gaskiya, bai zo ba, ni ma ban je na ba shi haƙuri ba. Abin da na sani shi ne, mako guda bayan an sallamo Inna, matarsa ta faɗa wa uwarku a wurin ɗiban ruwa cewa ya ɗauki azumin kaffara, kwana uku, don ba shi da abin ciyar da mutum goma a lokacin. Zafin bazarar nan ba a magana. Da na ji, na ce wa uwarku ta tashe ni sahur. Na yi ukun tare da shi, yana gidansa ina gidana, katanga ɗaya tsakaninmu. Har ya koma ga Allah ban faɗa masa ba, ku ne na farko da kuka ji.